Ranar da Aka Ba Kemar Tsumma

Fusae-san ba ta san kalma goma ta Turanci ba, amma in aka tambaye ni wa ya gyara horon mataimakan malaman Turanci a gundumarmu, ita zan nuna. Ita ce mai kula da ginin makarantarmu, a wani ɗan garin masunta a lardin Ehime. Shekara ashirin da biyu tana buɗe ƙofa, tana dafa shayi, tana yi wa duk wanda ya taka baranda da takalmin waje faɗa, har shugaban makaranta.

Ni ce malamar Turanci, kuma a wuyana aka rataya baƙin da ake turo mana daga ƙasashen waje su taya mu koyarwa. Uku na karɓa, kowanne shekara ɗaya ya yi ya tattara kayansa. Na huɗu shi ne Kemar, wani dogon saurayi ɗan Jamaika. Ofishin ilimi ya faɗa mana ƙarara, in shi ma ya tafi ba za a sake turo kowa ba.

Don haka muka shiga lallaɓa shi. Teburinsa kusa da murhun ɗumama ofis, shayinsa a kofin baƙi mai murfi. A aji ya karanta jimla, yara su maimaita, ya koma ya zauna. Bayan abincin rana, in kiɗan shara ya tashi kowa ya kama tsintsiya, yara da malamai, sai mu ce, "Kemar-san, ka huta kawai." Littafin horon da na rubuta masa shafi arba'in ne, har da yadda ake rusunawa, kuma ba ƙaramin ji da shi nake yi ba.

A watan Disamba takardar sabunta aikinsa ta zo. Ya jefa ta a aljihun tebur, kwana goma bai taɓa ta ba. Hankalina ya tashi, na fara shirya masa liyafa.

"Liyafa kuma?" in ji Fusae-san. "Malama Nagase, ku masu karatu kuna da abin mamaki. Kun ajiye ɗan mutane kamar kwanon ado, kuna jira ya ji daɗi?"

A nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana da shekara ashirin da uku ta yi aure ta zo garin nan daga wani tsibiri. Wata takwas surukarta tana girmama ta, ba girki ba wanki. Ta riƙa kuka a ɓoye, har ta ɗaure kayanta. Sai wata safiya jiragen ruwa suka dawo maƙil da kifi, hannu ya yi kaɗan, tsohuwar ta tura mata wuƙa ta ce, "Ke, tsayuwar me kike yi?"

"Ranar na kwance kayana," in ji ta.

Washegari kiɗan shara na tashi ta shigo ofis ta dire tsumma a kan teburin Kemar. Daga tsohon tawul ta ɗinka shi, da sunansa a gefe da jan zare, irin na kowane ɗalibi.

"Kai, dogo! Ƙafafun nan na ado ne? Barandar sama taka ce."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ban ma gama fassara ba ya miƙe ya naɗe hannun riga.

Mu a nan duƙawa ake yi, a dafa tsumma da hannu biyu a tura da gudu har ƙarshen baranda. Kemar ya duƙa, ya ruga, santsi ya kwashe shi ya baje. 'Yan aji biyu suka yi dariya har da riƙe ciki. Yaran da wata huɗu ban iya ɓamɓarar kalma daga bakinsu ba, sai ga su suna yi masa ihu da Turanci ya tashi, ya sake, ya yi sauri. Na tsaya a bakin matakala, farin ciki da kunya duk sun cika ni.

Littafin horon yanzu shafi shida ne, kuma rabinsa mu malamai yake wa magana. Duk bazara Fusae-san na zuwa taron sababbin mataimaka da jaka cike da tsummoki, ta yi jawabin minti biyu ta zauna.

Takardar kuwa, ranar Juma'a ta makon da aka ba shi tsumman Kemar ya kai wa shugaba, ya sa hannu zai zauna. Yana fitowa muryar Fusae-san ta tare shi daga ƙarshen baranda.

"Dogo! Wa ya koya maka shanya tsumma ba a matse ba? Zo nan!"

Ya waiwayo ya dube ni, bakinsa har kunne.

"Malama, kin ji? Faɗa take mini."