Gadojin Taroko

Chan Wan-de, mijin yayata, direban babbar mota ne. Ya fi shekara talatin yana kwasar kabeji daga gonakin kan dutse zuwa kasuwar Taichung, bakinsa jawur da binlang, ɗan ƙwallon nan da direbobi ke taunawa don kada barci ya ɗauke su. Babu lungun da bai taka ba a ƙasar nan, amma matarsa, Yaya Siu-luan, ko bakin teku bai taɓa kai ta ba. Ni dai tun ranar bikinsu ban ga abin da ta gani a jikinsa ba, kuma ban ɓoye masa ba.

Yaya madarar waken soya take sayarwa a ƙofar gidansu a Yuanlin. Da ta haura sittin ta shiga ƙungiyar matan unguwa masu hawan tudu da safe, a can ne Taroko, wani kwazazzabo a gandun daji mai nisa, ya shiga ranta. Wata ce ta je ta dawo tana zuzutawa: farin dutse ya tsage biyu, ruwa can ƙasa, ga 'yar siririyar hanya manne a jikin dutsen. Yaya ta sayi takalmi da sanda, ta dinga yi masa naci.

"Ke, bana kabeji ya yi yawa," in ji shi. "Bari sai baɗi."

Haka ya yi ta ja mata rai, har safiyar da ta faɗi a gaban tukunyarta ba ta ƙara tashi ba. Ba su haihu ba, babu ɗan da zai raka ta, don haka ranar da muka ɗauko gawarta daga asibiti shi ya zauna kusa da ita a mota. Duk gadar da muka zo sai ya sunkuya ya gaya mata za a tsallaka. A al'adarmu mamaci ba ya haye ruwa shi kaɗai, in ba a kira shi ba a nan zai tsaya yana dube-dube. Ranar na fara jin tausayin mutumin nan, har abin ya ba ni haushi.

Bayan an yi addu'ar shekara sai ga shi a gidana, rataye da 'yar jakar jan ƙyalle a wuya. Tokar turaren da yake kunna mata ce a ciki, a wurinmu duk inda tokar ta je mamacin na biye da ita.

"A-Kim, zan kai yayarki Taroko."

"Yanzu? Kabejin ya ƙare ke nan?"

"Faɗi son ranki. Za ki raka mu ko ba za ki ba?"

Na ce zan je, amma ya sani ba don kyan fuskarsa ba.

Mutane in suna shirin Taroko, zancen ruwan sha suke yi da takardar izini da hular kare kai daga faɗowar duwatsu. Shi Wan-de gada kawai yake tambaya. Na kan titi ya san su kamar ɗakinsa, na hanyar ƙafa ne bai sani ba. Ya bi matan ƙungiyar Yaya gida-gida, har suka fara ɓuya in sun hango shi. Ina gada mai lilo take? Bayan ramin dutse na farko akwai wata? Yana tsoron kada hankalinsa ya tafi ga kallo, ya wuce wata bai kira ta ba, ya bar ta a tsakiyar duwatsu inda ba ta san kowa ba. Har haikali ya je ya tsare dattijon da ke kula da wurin.

"Kawu, in katako ne kawai aka ɗora a kan rafi, shi ma gada ne?"

"In dai ruwa na bi ta ƙasa, kira ta," in ji dattijon. "Bakinka zai yi ciwo ne?"

Ashe bakin ne zai yi ciwon. Tun lokacin muryarsa ta dushe, muna cewa mura ce. Da na ja shi asibiti da ƙyar, likita ya ce sankara ce a maƙogwaro, binlang ya gama aikinsa. Sai an cire maƙogwaron gaba ɗaya, kuma bayan haka babu sauran magana. Wan-de ya roƙi a ba shi zuwa ƙarshen wata. Likitan ya ɓata fuska, amma ya yarda.

A hanyar gida na ce, "Yaya Wan-de, a yi aikin nan tukuna. In ka warke mu je, ni sai in kira ta. Ba uwarmu ɗaya ba?"

"Me za ki ce mata?"

"Sunanta mana."

"To ni ban taɓa kiran sunanta ba. 'Ke' nake cewa, ta juyo. Ke in kin faɗa, za ta zaci da wata kike."

"Ka ɗauki muryarka a waya."

"Tana raye ma ba ta ɗaga waya, balle yanzu."

Na yi dariya, shi ma ya yi, tari ya sarƙe shi har sai da muka tsaya a bakin hanya.

Muka sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Hualien, garin da ake bi a shiga Taroko. Ya daina magana da kowa, wai yana tattalin abin da ya rage, in ka gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Ana saura kwana kaɗan guguwa ta taso daga teku, dutse ya zabtaro ya rufe hanya, hukumar gandun ta ce ba shiga sai an gyara, watakila sai bayan sabuwar shekara. Na je na same shi a ƙofar gida da jakar goyonsa a ɗaure. Na yi niyyar in ce da ka kai ta tun tana roƙonka. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye, don na ga shi ma ita yake gaya wa kansa.

Likita bai ƙara masa ko kwana ɗaya ba, kuma gaskiyarsa ce, a lokacin ko kunun shinkafa da ƙyar yake wucewa.

Safiyar aikin suka ce ya cire duk abin da ke wuyansa. Ya miƙo min jakar tokar, na bi gefen gadon ana tura shi. Ɗakin tiyatar yana ɗaya ginin ne, sai an bi ta wata doguwar baranda mai gilashi da ta haɗa benayen biyu. Ni ban ma kula ba, ashe ƙatuwar magudanar ruwan gari ta ƙarƙashinta ta bi. Shi ya gani. Ya kama hannun rigata ya jawo jakar kusa da bakinsa.

"Ke," ya ce, da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa. "Ga gada. Biyo ni."

Ma'aikaciyar jinyar da ke tura gadon ta rage sauri ba tare da kowa ya gaya mata ba, muka haye a hankali. A bakin ƙofa suka tsayar da ni, suka shige da shi. Na tsaya riƙe da yayata ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ban ƙara jin muryarsa ba.