Sunan 'Yar Fari

Da aka ƙirƙiro jiharmu aka kwaso mu daga Jos zuwa Lafiya, ni da tafiretata muka sauka a wani ofis da a da shagon siminti ne. Shekarun farko rabin aikinmu jiran kujeru ne. Daga baya abubuwa suka daidaita, har gwamnati ta kafa wani kwamiti da zai ji halin da mata ke ciki ta fuskar karatu da aiki da sauran wuraren da ake cewa an bar su a baya. Ni ba 'yar kwamiti ba ce. An haɗa ni da su ne don mahaifiyata Bafulatana ce, ina jin Fulatanci, sai na zama tafinta ba tare da an tambaye ni ba.

Shugabar kwamitin tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, mai kirki ƙwarai, sai dai duk inda ta tsaya gani take ɗalibai ne a gabanta. Hausarta ta kasuwar Lafiya ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

Ranar da kwamitin ya zauna a Lafiya zauren taro ya cika. Ƙungiyoyin mata sun zo cikin anko, an jera lemo a teburin manya. Maza suka fara, suka daɗe suna bayanin irin wahalar da mata ke sha, matan na fifita da takardar shirin taro. Sai bayan azahar aka ba su dama.

Cikin na ƙarshe akwai wata Bafulatana daga wata ruga bayan Kwandere. Ta ajiye ƙwaryar nononta a bakin ƙofa, ta zo ta tsaya kusa da ni, idonta a ƙasa. Ta ce akwai wata yarinya a rugarsu da ta gama sakandare a nan gari, tana zaune a gidan wani ɗan kasuwa da ke sayen man shanunsu. Tana son karatun unguwarzoma, ta nema ba ta samu gurbi ba, ta sake nema haka. Idan rani ya shiga rugar za ta tashi, an kuma ce yarinyar da ba ta makaranta ba ta da dalilin zama a gari, tare za a tafi da ita. Ta ji an ce manyan mata sun zo taimakon mata, shi ne ta zo.

Na juya maganar zuwa Hausa. Shugaba ta gyara tabarau.

"Yarinyan nan, menene naka da shi?"

Matar ta ce, "'Yar rugarmu ce."

"Menene sunanshi?"

Matar ta ja bakin mayafinta ta rufe baki. Nan na gane. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, ko yana kuka sai wata ta ɗauka. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "ke" take kiran yayata, ko "waccan". Na matsa kusa da shugaba na gaya mata a hankali cewa 'yarta ce ta fari, kunya ce ta hana ta, in ana son sunan zan karɓo a waje.

Da na sani da na yi shiru, don abin ya yi wa shugaba daɗi. Ta miƙe ta karɓi lasifika.

"Kun gani? Wannan ne abin da muka zo mu gyara! Uwa ba zai iya faɗi sunan pikin nashi ba. Mama, yau kana da 'yanci. Faɗi da ƙarfi, kowa ya ji. In ba ka faɗi ba, yaya gwamnati zai san shi?"

Aka tafa. Na fassara wa matar duka, har da tambayar ƙarshe, don aikina ke nan. Ta tambaye ni ko sai ta faɗa za a taimaki yarinyar. Na ce haka shugaba ta ce.

Ta daɗe a tsaye. A bencin maza akwai dattawan rugarsu, sun kawar da kai suna kallon bango. Sannan ta sauke mayafin ta faɗi sunan, lasifikar ta kai shi har ƙarshen zaure.

Can baya wata budurwa ta zabura ta miƙe ta ce, "Na'am." Ashe tare suka zo. Ta tsaya tana kallon uwar, bakinta a buɗe, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Raina ya ɓaci sosai, ban kuma san da wa zan yi fushi ba, don kowa a wurin alheri yake nufi.

Zauren ya ɗauki tafi da guɗa. Sakataren kwamiti ya rubuta sunan. Shugaba ta rungume matar, ta koma kujerarta, ta bayyana cewa kwamitin ba shi da ikon ba kowa gurbin karatu, amma wannan misali ne mai ƙarfi, zai shiga cikin shawarwarin da za a kai wa gwamnati. Da Turanci ta faɗi wannan, aka kira mai magana ta gaba.

A waje na sami matar tana naɗa gammo, 'yar na tsaye nesa kaɗan, ba mai kallon wata. 'Yan acaba na ta kiran fasinja. Ta tambaye ni yaushe yarinyar za ta fara. Na gaya mata abin da shugaba ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Ta saurara har na gama, ta ɗora ƙwaryarta a ka.

"To," ta ce. "Tunda ba za su yi komai da sunan ba, ki ce wa mutumin nan ya goge."

Na ce zan gaya masa. Suka bi hanyar tasha, ita a gaba, 'yar a baya.

Ni na buga rahoton kwamitin bayan wasu watanni. Babu sunan kowa a ciki.