Baitin Da Ka Hana Mu

Da hantsin Talata, tara ga watan Yuni, ƙanwarka ta kira ni ta ce ka cika, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Shekara goma sha tara ina yi maka kiɗa, ina zaune a bayanka, don haka na fi sanin ƙeyarka a kan fuskarka. Taurin kanka ma na san shi. Waƙarka da ta fi tashe ka ce baiti huɗu ce, amma har yau ba wanda ya ji na huɗun.

A daminar da ka fitar da ita, leda da robobi suka toshe babbar magudana, ruwa ya rushe gida goma sha biyu a unguwarmu, har da ɗakin mahaifiyarka. A wasan da muka yi bayan nan, fili ya cika maƙil, kana gama baiti na uku ka ɗaga mini hannu na tsayar da ganga. Ka ce, “Na huɗun sai ranar da ruwa ya wuce bai shiga ɗakin kowa ba. Mai son ji ya zo ranar Asabar da shebur.”

Aka yi mana ihu, aka jefe mu da robobin ruwa. Ka sa muka tsince su tas. Ranar Asabar mutum bakwai suka zo, biyar daga ciki mu ne makaɗanka, kuma ba da son ranmu ba. Kai ka fara shiga magudanar, baƙin ruwa har gwiwa.

Shekara shida kana haka. Gidajen rediyo sun roƙe ka, ka ƙi. Masu shebur suka kai ɗaruruwa. Bara gida biyu kaɗai ruwa ya shiga, na ce maka, “Yaya, ai an yi ƙoƙari, a saki baitin nan.” Ka ce, “Je ka faɗa wa masu gida biyun.” Na ji haushinka a ranar, kuma na ji kunya.

A asibiti na roƙe ka ka faɗa mini shi ko ni kaɗai. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, “Ban tsara shi ba. Ina jira in ga ruwan tukuna.”

Jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke na bi unguwar gida-gida ina tambaya. Bai shiga ɗakin kowa ba. Na tsaya a bakin magudanar ina kallonsa yana wucewa, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka. Allah Ya ba mahaifiyarka, da matarka, da ’ya’yanka uku, da ƙanwarka haƙurin wannan rashi. Mu kuma, in Allah Ya kai mu Asabar, muna nan da shebur.