Irin Ta Bana

Da ana iya mayar da tawada cikin kwalba bayan ta bushe a takarda, da akwai wani ɗan guntun rubutu da zan fara kwashewa. Da hannuna na yi shi, babu wanda ya sa ni, amma wani ne ya ɗauki nauyinsa. Har yau ban manta da ranar da Malam Haruna malamin gona ya shigo shagonmu riƙe da katin da na yi rubutun a kai ba. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka gaji wannan sana'a.

A shekarun da ƙaramar Sallah take faɗowa cikin kaka, ina aiki a wani shagon rubutun allon talla da hatimin ofis a Kankiya. Mai shagon sunansa Malam Sabi'u. Ni ke bi masa, rubutu kuma duk a hannuna yake, domin karatuna bai yi nisa ba amma hannuna yana da kyau. Lokacin waya ba ta yawaita ba. Daga shigowar kaka zuwa tsakiyar hunturu aikinmu yakan koma na katin gaisuwa. Mu fara da na Sallah, mu shiga na Kirsimeti saboda malaman makaranta da 'yan bautar ƙasa da suka zo daga kudu, mu rufe da na sabuwar shekara.

Ga yadda ake yin katin, domin wanda bai sani ba. Za a yanka farin kwali a ninke shi biyu. A samo busasshen karan gero a fere ɓawon, a tsaga shi siri-siri da reza. Totuwar ciki kuma a yanka ta fale-fale. Da waɗannan ake haɗa hoton masallaci, ko jinjirin wata, ko rumbu, a manna da ƙaron da aka jiƙa. Ruwan zoɓo shi ne jan launinmu, lalle ya ba mu ruwan ƙasa, shuni ya ba mu sama. Sai a danne da katako ya kwana. Rubutu shi ne ƙarshe.

Malam Sabi'u yana da doka guda a kan rubutun. Ba a sa alƙalami sai mai saye ya faɗi wanda za a kai wa, an kuma tambaye shi halin da mutumin yake ciki. Yakan ce mini, "Lawali, gaisuwar Bahaushe tambaya ce. Ka ce ina kwana, ka tsaya ka ji amsa. Kati ba shi da kunne, mu ne kunnensa." Ni kuwa a raina ina ganin ɓata lokaci ne. Barka da Sallah ai barka da Sallah ce.

A shekarar da nake magana damina ta yi kyau. Gero ya shiga rumbu, ana shirin yankan dawa, kowa ka gani a kasuwa fuskarsa a sake. Tsakiyar azumi Malam Haruna ya zo. Shi ne malamin gona mai kula da wasu ƙauyukan Kusada, wato ma'aikacin da ke bin manoma yana ba su shawara kan iri da taki da ajiya. Bai daɗe a wurin ba, yana ta neman shiga zuciyar mutane. Ya ce a yi masa katuna na manyan manomansa, a sa sunansa a ƙasa, mu kuma mu rarraba, domin shi zai tafi garinsu hutun Sallah.

Na tambaye shi abin da za a rubuta. Ya ce, "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ka san aikinka, malam."

Da na zauna rubutu sai na ga layin ya yi gajere, ya bar fili a gefen dama. Na tuna albarkar da aka samu, na ƙara da kaina: irin ta bana. Layin ya cika daidai, ya yi mini kyau a ido. Haka na bi katunan duka a zama ɗaya, Malam Sabi'u yana can wajen kafa allo, na zuba su a ambulan na liƙe.

Cikin waɗanda za a kai wa akwai Malam Tukur na Mawashi. Na san shi sarai, domin a gonarsa muke ɗibar karan da muke aiki da shi, bai taɓa hana mu ba. Ana cikin goman ƙarshe na ji a tasha ana cewa an yi gobara a Mawashi. Na ce Allah ya kyauta, na wuce. Ban tambayi gidan wa ba.

Jajibirin Sallah na hau babur na shiga rabo. Da na isa Mawashi rana ta yi, ga ƙishirwar azumi, ga sauran wurare a gabana. Gidan Malam Tukur yana ɗan ciki. Sai na miƙa wa wani mai faci a bakin hanya ambulan ɗin, na ce ya taimaka ya kai. Da na taka na shiga, da ƙaurin wuta kaɗai ya isa ya gaya mini komai.

Kwana kaɗan bayan Sallah, da hantsi, Malam Haruna ya yi sallama. Ya gaida Malam Sabi'u kamar kullum, sa'an nan ya ajiye katin a kan tebur, a buɗe.

"Malam Lawal, wa ya ce ka ƙara wannan?"

Na duba, na ce, "Ai addu'a ce, ranka ya daɗe. Haka na rubuta wa kowa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ba mu labari tiryan-tiryan. Rumbunan Malam Tukur ne suka ƙone, geronsa na bana bai tsira da ko zangarniya ba. Wutar daga madafi ta tashi. Kuma tun da damina Malam Haruna ya taɓa ce masa a gaban jama'a ya matsar da rumbunan daga kusa da madafi, shi kuwa ya amsa cewa tun zamanin kakansa suke nan. Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, mutane sun cika ƙofar gidansa, rabi barka da Sallah, rabi jaje. Nan aka miƙa masa ambulan. Malam Tukur ba ya karanta boko, sai ya ba wani maƙwabcinsa. Mutumin ya karanta da ƙarfi: Allah ya maimaita mana irin ta bana, daga Haruna malamin gona.

Babu wanda ya ce amin. Kowa ya ɗauka gatse ne, malamin gona yana cewa ai na gaya maka. Malam Tukur ya sa aka mayar da katin ofishin Malam Haruna.

Malam Haruna ya ce, "Na je da kaina, na yi rantsuwa. Ya ce ya ji. Amma sunana ne a ƙasa."

Bayan ya fita, Malam Sabi'u ya daɗe yana kallon katin. Ya ce, "Rubutun ya yi kyau." Can ya ƙara da cewa, "Gobe ka tafi Mawashi. Ba ɗaki za ka ja Malam Tukur ba. A ƙofar gidan da aka karanta, nan za ka ce kai ka rubuta."

Na ce to. Amma ban je washegari ba. Aikin Kirsimeti ya shigo, na ce bari in rage. Na gama wannan, na sabuwar shekara ya taso. Duk lokacin da Malam Sabi'u ya tambaya, sai in nuna masa tarin kwalin da ke gabana. Gaskiyar magana kunya nake ji, aikin kuwa ya ba ni wurin ɓuya. Kuskuren rubutu kowa yana iya yi. Wannan jinkirin shi ne laifina.

Sai da sanyi ya fara ja baya na je. Na tarar da Malam Tukur a ƙofar gida da mutane kaɗan, yana tufka igiya. Na gaishe shi, na yi masa jajen da ya kamata in yi tun tuni, na fito da katin, na faɗi yadda aka yi ba tare da na rage komai ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ashe kai ne, Lawali. To mi ya hana ka zuwa tun gero na hayaƙi?"



Wani dattijo a gefe ya ce, "Kenan Malam Maimaita ba shi da laifi?" Aka yi dariya. A nan na fara jin sunan. Ashe tun ranar Sallah aka raɗa wa Malam Haruna shi, ya bi kasuwanni, ya shiga ƙauyuka. In ya kira taron manoma sai a ce wa zai je Maimaita ya yi masa addu'a. Kafin zuwana ya riga ya nemi a sauya masa wurin aiki, an kuma amsa masa.

Malam Tukur ya ce, "Ni na yafe, shi ma na ɗauki alhakinsa, Allah shi yafe mana. Amma suna ba akuya ba ne, balle a bi sawu a koro shi gida."

Na tashi zan tafi, sai ya miƙo hannu. "Kawo katin nan." Ya juya shi, ya shafa ɗan rumbun da na haɗa a kai. "Wanga kara na gonata ne?"

Na ce nasa ne.

"To bar mini shi. Cikin geron da na noma bana, shi kaɗai wuta ba ta ci ba."

Ya sa shi a aljihu ya ci gaba da tufkarsa.

Na ƙara shekaru a sana'ar, har shagon ya dawo hannuna. Malam Haruna ban sake ganinsa ba. Na aika masa da saƙo ta hannun wani direba, ban sani ba ko ya isa. Har yanzu in tsofaffin manoman wajen suna ba da labarin wani irin gero da ya kawo musu, ba sa cewa Haruna. Maimaita suke cewa, wasu ma ba su san mafarin sunan ba.

Ku da kuke yanka kwali yanzu, da ku masu tura gaisuwa ɗaya ga mutum ɗari ta waya, roƙona gare ku kaɗan ne. Kafin ku rubuta wa mutum barka, ku tambayi yadda ya kwana. In fili ya ragu a gefen layi, ku bar shi fari. In kuma kun riga kun yi irin tawa, kada ku jira aiki ya ragu. Ku tafi a ranar, da ƙafarku.