Mabuɗin Agbede Ya Sauya Hannu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, bayan la'asar, Iya Tawa ta kira ni daga gidansu na Mokola. Sunana kawai ta iya faɗi, Fausat, sau biyu. Nan na gane mijinta, Injiniya Rasaki Olaniyan, wanda masu gina shafukan intanet a Ibadan ke ce wa Boda Rasaki, wato Yaya Rasaki, ya amsa kiran Ubangijinsa bayan wata bakwai yana jinyar ƙoda.

Boda Rasaki, na yi kuka har na gode Allah. Amma yau ba kuka na zo yi ba, shaida na zo bayarwa, domin ka ci nasarar da ka fi so ka ci.

Mu masu wannan sana'a gunduwa-gunduwa muke rubuta shafi: ga maɓallin da za a danna, ga akwatin cike suna, ga jerin hotuna. Burauzar waya ba ta jin wannan rubutu sai an narkar da shi an mayar mata harshen da take karantawa. Kai ka ƙera manhajar da ke wannan narkarwa, ka sa mata suna Agbede, wato maƙera. Takan zubar da duk abin da shafi ba ya bukata, ya fito sakayau, ya buɗe ko a tsohuwar waya inda sabis ke rarrafe. Kyauta ka sake ta ga duniya. Da ita aka gina shafin da ungozomomi ke rubuta haihuwa a ƙauyukan Oke-Ogun, da wanda 'yan kasuwar Bodija ke duba farashi.

Tsoronmu guda ne. Kai kaɗai ka san cikin Agbede, kai kaɗai ke riƙe da mabuɗin fitar da sabuwar siga. Mun sha ganin manhaja ta mutu ranar da mai ita ya kwanta, shafukan da ke kanta su yi ta lalacewa ɗaya bayan ɗaya.

Ashe ka riga mu tunani. Kowace Alhamis sai ka aika a sayo amala da gbegiri, wato miyar wake, ka buɗe rubutun da Agbede ke fitarwa, wanda don na'ura aka yi shi, babu mahalukin da ke karantawa, ka ce in karanta da ƙarfi, layi-layi, in faɗi dalilin kowanne. Wallahi na tsani Alhamis. Na taɓa ce maka, "Boda, wannan ai azaba ce. Wa ke karanta wannan shirgi?"

Ka ce, "Ƙanwata, ci amalarki ki ci gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Shekara uku muka yi a haka, ina gunaguni kana dariya.

Da ciwo ya kwantar da kai, burauzoji suka canza wani tsari, ya zama dole a gyara zuciyar Agbede cikin wata guda, in ba haka ba shafin ungozomomi ya daina buɗewa. Na zo maka da kwamfuta har gadon asibiti. Ko kallonta ba ka yi ba. Ka ce, "Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Je ki yi." Na fita ina jin haushinka, Allah Ya yafe mini.

Mako uku na yi a kan gyaran. Na gwada a kwamfutar ofis, shafi ya buɗe kafin in ƙifta ido, har na fara rawa. Sai na tuna dokarka: ba a yarda da aiki sai an gwada shi a wayar Iya Sikira, mai sayar da tattasai a Bodija. Na hau okada, wato acaɓa, na je. Ta danna, allo ya yi fari fat, ya tsaya.

Ta ce, "Ke 'yar boko, tattasaina zai ruɓe kafin abin nan naki ya buɗe. Ina Rasaki? Shi ba ya kawo mini ɗanyen aiki."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Hannuna ya kai kan lambarka, na fasa. Na zauna kan buhun albasa, na buɗe rubutun da Agbede ya fitar, na fara karantawa da ƙarfi kamar ranar Alhamis, mata na kallona suna cewa yarinyar nan ta zautu. A layi na ɗari huɗu da wani abu na kama ɓarawon: gyarana yana maimaita gunduwa ɗaya sau goma sha biyu. Kwamfutar ofis ta haɗiye ba ta ji ba, wayar Iya Sikira ta shaƙe. Na gyara a nan, ta sake dannawa, kafin ta ƙulla leda shafi ya fito. Ta buga shewa ta cika mini jaka da tattasai.

Da na kawo maka labari ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka sa Iya Tawa ta ɗauko mabuɗin, ɗan ƙarfen da ake soka wa kwamfuta, ka damƙa mini. Ka ce, "Ki fitar da kanki. Kuma Alhamis mai zuwa ki zaunar da mutum biyu su karanta miki."

Kwana tara kafin rasuwarka sabuwar siga ta fita, ta farko da ba hannunka a ciki. Ko shafi ɗaya bai faɗi ba. A ranar da muka kai ka makwanci, ungozomomin Oke-Ogun sun rubuta haihuwa talatin da ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Boda Rasaki, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Iya Tawa, ke da 'ya'yanki Tawakalitu da Habibu da dukan zuri'ar Olaniyan, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zame muku gata. Ya Allah, duk jaririn da aka rubuta sunansa ta dalilin aikin bawanKa, Ka rubuta wa bawan naKa ladan, har ranar da mu ma za mu miƙa wa na bayanmu mabuɗin. Amin.