Furen da Leokadia Ta Shuka a Bakin Shinge

A shekarun baya, duk baƙon da ya bi ta ƙofar gidan Leokadia a watan Yuni sai ya tsaya kallon lambunta. Shuɗi ne shar tun daga bakin rijiya har shingen baya, wani fure da suke kira haber zalla, ba kabeji ba albasa. Baƙi kan ce tsohuwar nan akwai son fure. Mutanen ƙauyen kuwa sun san ba ta taɓa son fure ba ko na wuni ɗaya.

Tana 'yar shekara bakwai ubanta ya fara tura ta gonar hatsin rai da ke bayan gida ta tsinke haber, domin a gona ba fure ba ne, muguwar ciyawa ce. Shekara goma sha biyu ta yi a durƙushe, ƙanenta Bolek yana miƙe a inuwar itacen tuffar da uban ya dasa a tsakiyar gonar. Da tsohon ya zo mutuwa sai ya ba Bolek gonar, ita kuma ya bar mata gida da lambu. Ya ce mace gonar mijinta take nomawa. Mijin nata ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ko taƙin ƙasa bai mallaka ba, kuma bai daɗe ba ya rasu. Leokadia ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Gonar nan dai ta tsaya mata a maƙogwaro.

Da girma ya fara kama su, Bolek ya koma noman iri, wanda manoma ke saye su shuka. Irin nan sai malamin gona ya zo ya duba, in ya ga ciyawa a ciki, shi ke nan, ya zama abincin dabbobi. A kakar wannan shekara Leokadia ta bi gefen tsohuwar hanya ta tsinto busassun kawunan haber cike da gwangwani.

Ba wanda ya kai ta sanin halin ciyawar nan. Ta watsa irin kafin ƙanƙara ta sauka, ta rufe da ƙasa sama-sama, ta hana shi taki, don ta san a ƙasa mai yunwa ya fi haihuwa. Sauran mata kan yanke furensu ya sake tohowa. Ita takan bar nata ya bushe ƙayau a tsaye. Ranar da iska ta juya wajen gonar, sai ta fito da tsintsiya ta dinga dukan kawunan a kan shinge kamar mai kakkaɓe shimfiɗa.

Shekara ta zagayo, gonar Bolek ta yi ɗigo-ɗigon shuɗi. Malamin gona ya girgiza kai ya tafi. Bolek ya yi feshi, ta ƙara shuka. Matarsa Genowefa ta daina gaishe ta a coci, Leokadia ko a jikinta. Lissafinta ɗaya ne: zai gaji, ya zo ya ce mata ga gonar Baba nan, ta fi ƙarfinsa.

A shekara ta tara ya zo ɗin, hula a hannu, ɗaya hannun na karkarwa tun ciwon da ya kayar da shi a hunturu. Ya same ta a bakin shinge tana ɓarar wake.

Ya ce, "Yaya, shekara ɗaya tak nake roƙo. Ki yanke su kafin su bushe. In irin bana bai shiga ba, na kaɗe."

Ta ce, "Lambuna ne ko naka? Fure ma sai na nemi izini?"

"Ciki ɗaya muka fito fa, Yaya."

"Ranar rabon gado ka tuna da haka? Ai ciyawa ba ta gagari hannu ba. Durƙusa ka tsinke. Ni ina da shekara bakwai na iya."

Ya kuwa durƙusa. Sati biyu mutane suna ganin dattijo mai furfura yana jan gwiwa cikin hatsi, yana tsinka da hannu ɗaya. Leokadia ta jawo kujera bakin shinge, tana ɓarar wakenta tana nuna masa da baki.

"Bolek, ga wani can ka tsallake. Ko idon ma ya tafi ne?"

Daɗi ta ji, ba ta ɓoye ba. Ta ce tunda take ba ta taɓa cin wake mai garɗin na wannan shekara ba.

Irin bai shiga ba. Leokadia ta wanke rigarta ta zuwa coci, ta zauna jiran a kawo mata gona. Sai wata safiya ta ga mota a ƙofar Bolek ana loda gado da tukwane. Ya tako har bakin shingen, bai shigo ba.

Ya ce, "Gaskiyarki, Yaya, ta fi ƙarfina. Na sayar wa kamfanin masara. Za mu koma birni wurin 'yata."

Ta bi motar da kallo har ta ɓace.

Da bazara manyan motocin noma suka iso. Rana ɗaya suka tumɓuke itacen tuffa, suka yi feshi har jikin shinge. Cikin kwana uku haber ɗinta ya yi baƙi ya kwanta. Ta tare direban tana masifa, yaron ya leƙo daga sama ya ce, "Kaka, don ciyawa kike wannan faɗa?" Ta sake shukawa, aka sake feshi. Masara ta tashi ta fi ta tsawo, ko hasumiyar coci ba ta iya hangowa.

Bolek bai cika shekara biyu a birni ba ya rasu, aka kawo shi ƙauye. A watan Yuni ne, kowa ya zo maƙabarta da fure daga lambunsa. Leokadia kaɗai ta zo hannu rabbana, ta raɓe a baya. Da aka gama rufe shi, Genowefa ta ratso mutane ta tsaya gabanta, ta dubi hannuwanta, ta yi magana a hankali yadda kowa zai ji.

"Shekara tara kina aiko masa da fure, Yaya. Yau ne ba ki da ko ɗaya?"