Yaya Ba Shi da Takarda

A Umbadda, unguwarmu da ke Omdurman, ba wanda ya taɓa kiran yayana mahaukaci. "Bawan Allah" ake ce masa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, har furfura ta fara fito masa a gemu, amma hankalinsa bai wuce na yaron da ake riƙe wa hannu a tsallaka titi ba. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso za su Makka, suka yada zango a Omdurman, har yau kuma ba a tashi ba. Cikin abin da suka zo da shi har da imanin cewa irin su Yaya, waɗanda ba a rubuta musu zunubi, hannunsu na da albarka. Kullum da safe masu tebur a layinmu sai sun kira shi ya dafa kayansu kafin su fara ciniki. Shi ko sai dariya, ya dafa ya wuce, mai shayi ta bi shi da kofi.

Da mahaifinmu ya rasu na fara kasa barci a kan Yaya. Bai da katin shaida, bai da lambar ɗan ƙasa, don a cewar manya, ina zai je? Ni kuwa malamar makaranta ce, na san abin da rashin takarda ke yi wa Bahaushe a ofis, inda ake kallon mai takardar ma a karkace. Na hau bas na tsallaka gada zuwa Khartoum wajen wani lauya. Ya ce babban mutum ba a sa hannu a madadinsa don kawai ke ƙanwarsa ce. Sai likitoci sun duba shi sun rubuta cewa ba shi da hankalin riƙe kansa, sannan kotu ta naɗa masa mai kula da shi, wanda doka ta sani. Ya ce abin ba wuya, amma sai mahaifiyarmu ta zo ta yi shaida.

Na dawo da murnata na tarar da Inna tana yankan kuɓewa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ajiye wuƙar.

"Ke 'yar nan, wanda gari ke neman albarkarsa zan kai mahkama a buga masa hatimi wai majnuni ne? Da bakina?"

"Inna, ba zagi ba ne. In ta Allah ta kasance a kanki, wa zai tsaya masa?"

"Wanda ya halicce shi. Halas, magana ta ƙare, kada ki ƙara."

Allah bai yi ni da haƙuri ba, na ƙara, ba sau ɗaya ba. Na kai ƙara wajen limamin unguwa, ya ce addini bai hana ba, amma a bi tsohuwa a hankali. Maƙwabta suka fara cewa boko ya ɓata ni, rabon Yaya a gidan nake hari. Wannan maganar ta ƙona min rai ƙwarai. Muna cikin bin tsohuwa a hankali yaƙi ya ɓarke, aka rufe kotun, lauyan kuma ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da ruwan famfo ya yanke, harbi ya matso, muka shiga motar da ke fita arewa, ni da 'ya'yana da Inna da Yaya. A shingen farko masu bindiga suka sauke maza. Aka ce da Yaya ya kawo kati, ya yi dariya. Aka daka masa tsawa, sai ya miƙa hannu zai dafa bindigar, don shi duk abin da aka nuna masa albarka ake nema. Mari ya sha har ya faɗi. Na yi ta ihu cewa ba shi da lafiya, ni ce mai kula da shi. Ɗayansu ya ce, "Wa ya ce? Nuna." Ba abin da zan nuna. Da kuka da roƙon Inna aka sake shi, direba kuma ya ce shingaye na gaba sun fi wannan, ba zai ɗauke shi ba. Inna ta kama hannun ɗanta suka juya. Ni na kalli 'ya'yana na koma cikin motar.

Yanzu ina wata ƙasa, ɗaki guda da yarana. Na zaga ofisoshin agaji har takalmina ya tsinke. Ko'ina tambayar ɗaya ce: ina shaidar ke ce waliyyarsa? A idon doka ni da baƙuwar da ta gan shi a titi duk ɗaya ne.

Inna ta rasu da damina, zazzaɓi, ba magani. Mai shayin layinmu ce ta ɗauki Yaya, tana raba masa abin da ta samu. Kwanan baya ta kira ni, muryarta na yankewa.

"Malesh, yi haƙuri 'yata, mu ma ranar Juma'a za mu tashi. Direban ya ce ban da marasa kati. Wa zan bar wa shi?"

Ina jin dariyarsa a bayanta. Na riƙe wayar ina neman sunan mutum ɗaya da ya rage a layinmu, har kiran ya katse ban samu ba.